Injiniya da Jirgin Ƙirya

Duk unguwar babu wanda zai iya tuna ranar da Injiniya ya zama injiniya. Abin da aka sani shi ne ya yi shekara goma sha tara yana gadi a ƙofar wani kamfanin katako, yana ɗaga sanda motoci su shiga, ya sauke in sun wuce. Da kamfanin ya rufe sai ya dawo gida da hular kwano mai ruwan ɗorawa, da tef ɗin awo da ya tsinta a bakin ƙofa, da kuma baki. Bakin nan ba ya zuwa hutu. In ka zauna kusa da shi a benci, kafin ka gyara zama ya gaya maka sunan itacen da aka yi bencin, da shekarunsa, da kuskuren da kafintan ya tafka. Mutane suka fara ce masa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har in an kira shi da sunansa na gaskiya sai ya yi kamar da wani ake.

Gidan kuwa matarsa ce ke riƙe da shi. Maman Biyu tela ce, kekenta na ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida tun safe har la'asar, da shi ake ci, da shi ake sha. Damina ce abokiyar gabarta. Da hadari ya taso sai ta kwashi keke da yadukan mutane a guje, ta cusa su a ɗaki mai duhu inda ko zare ba ta iya sa wa allura. Bara ruwa ya shammace ta ya lalata mata kayan makaranta na yara talatin, masu kayan suka koma wajen wani tela. Don haka bana ta ƙudurta sai ta yi rumfa. Katakon ma yana nan: falankan ƙirya goma sha biyu, masu kauri, jajaye kamar hanta, waɗanda mahaifinta, tsohon kafinta, ya bar mata. Shekara shida suna jingine a bayan ɗaki. Rana ta doke su, ruwa ya doke su, gara ta zo ta sansana ta koma da yunwarta. Su kaɗai ne abin da ta gada, ko tsintsiya ba ta yarda a jingina a jikinsu.

Ƙaninta da ya gaji sana'ar uban, wanda kowa ke ce wa Kafinta, ya yi alkawarin kafa mata rumfar da zarar ta dawo daga jinyar yayarsu a ƙauye. Sati biyu ta ce za ta yi.

Kwana biyu da tafiyarta aka kira taron ƙungiyar unguwa a kan maganar rafi. Rafin ne ya raba unguwar da kasuwa. Da rani ko kaza tana tsallake shi, amma da an yi ruwa uku sai ya cika ya batse, mutane su zagaya ta gadar kwalta, tafiyar sa'a guda. Shugaban ƙungiya, wani ƙaton mutum mai son yanka kintinkiri, ya ce a kawo shawara. Kafin kowa ya buɗe baki Injiniya ya miƙe ya gyara hular kwano.

"Ranka ya daɗe, jirgin fito za a yi. Shimfiɗaɗɗe, a ɗaura masa igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, mutum ashirin su hau lokaci guda har da kayansu. Ni zan ƙera shi, kuma katako daga gare ni."

"Wane irin katako?" in ji Shugaba.

"Ƙirya, ranka ya daɗe. Itacen da ruwa ke jin tsoro. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, rana ba ta tsaga shi. Ku duba turamen gidajenku, ku duba ginshiƙan tsofaffin gadoji. To itacen da ruwa bai iya masa komai ba, ai shi ya kamata a aika wa ruwa."

Aka yi tafi. Maganar tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ce, abin da ya sa Injiniya ya fi maƙaryaci haɗari ke nan.

Kafinta na zaune can baya. Ya bari aka watse sannan ya tare Injiniya a hanya.

"Yaya, wace ƙiryar kake nufi?"

"Ƙirya nawa ka sani a unguwar nan?"

"Ta Baba? Ta rumfa? Ta yarda?"

"Kai dai ba ka san zaman aure ba," in ji Injiniya. "Ni da ita ba ma buƙatar dogon zance. Kallo ɗaya na yi mata ranar da za ta tafi, ta gane."

"Ni kallon da na ga ka yi mata na neman kuɗin cefane ne."

"Je ka ka ƙera kujerun tsuguno, yaro. Wannan aikin manya ne."

Kafinta ya kira wayar Maman Biyu a nan take, amma ƙauyen da take sai an hau tudu ake samun layi. Ya aika saƙo ya koma shagonsa.

Washegari Injiniya ya shimfiɗa falankan a tsakar gida, ya bar ƙofa a buɗe don masu wucewa su ga aiki. Ya ɗauki ƙusa inci shida ya dasa, ya waiwaya ya tabbata akwai 'yan kallo, ya sauke guduma. Ƙusar ta lanƙwashe ta zama ƙugiya. Ta biyu ta yi tsalle ta faɗa tukunyar ruwa. Ta uku ta tsaya cak, gudumar ce ta zame ta sami babban yatsansa. Ya cusa hannun a hammata ya zagaya tsakar gida sau biyu.

Maƙwabcinsa Mai Wanki, wanda gajeriyar katanga ce kawai ta raba su, ya leƙo.

"Injiniya, rawa ake koya?"

"Gwaji nake yi. Ƙusoshin yanzu duk jabu ne. Ara mini zartonka."

Mai Wanki mutum ne mai kunyar ido, ya miƙo zarton da yake yanka itacen dafa ruwa. Injiniya ya kama kan falanki ɗaya da ya fi sauran tsawo, ya yi ta goga tun hantsi har azahar. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Da ƙyar ya cire guntu kamar tsawon tafin hannu, ya ɗaga shi sama yana nuna wa 'yan kallo kamar ya kashe zaki. Ya mayar da zarto.

Mai Wanki ya shafa bakin zarton da yatsa, ya sake shafawa.

"Ina haƙoran?"

"Da ma tsoho ne."

"Watan jiya na saye shi."

"To sun cuce ka. Amma ka gode Allah, yanzu ka samu abin yanka sabulu."

A nan ne wata dabara ta faɗo wa Injiniya. Wake in an jiƙa shi yana laushi, fata ma haka, to me zai hana katako? Ya faki idon Mai Wanki ya jefa guntun a babban duron da yake tara ruwan jiƙo, don ya ga kwana nawa zai ɗauka. Guntun ya wuce ƙasa kai tsaye, har aka ji ƙarar saukarsa a gindin duro. Injiniya ya leƙa, ya zura hannu bai kai ba, ya mayar da murfi ya yi tafiyarsa.

Bayan kwana uku, da sassafe ido bai gama buɗewa ba, Mai Wanki ya zuba fararen kaya a duron kamar yadda ya saba, ya rufe ya tafi karɓo wasu. Da ya dawo ya ɗaga murfi, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ruwan ya koma ja kamar shayin da aka manta a wuta. Zannuwan gado, rigunan ma'aikatan wani shagon magani, duk sun rine. A cikinsu har da sabuwar farar rigar Shugaba, wadda ya ɗinka musamman don ranar buɗe jirgi.

Rabin unguwa ya taru. Aka kifar da duro, guntun ƙirya ya gangaro waje yana sheƙi, ko laushin ƙwayar zarra bai yi ba. Mai Wanki ya ɗaga rigar gaban Injiniya.

"Me zan ce wa mai ita?"

Shugaba da kansa ya iso yana haki. Injiniya ya karɓi rigar ya ɗaga ta saitin rana, ya karkata kai.

"Ranka ya daɗe, ka taki sa'a. A ƙasashen da suka ci gaba, mai buɗe jirgi ba ya sa farin kaya. Launin jirgin yake sawa. Wasu sai sun aika waje a rina musu."

"Amma ai dabbare-dabbare ta yi," in ji Shugaba.

"Shi ne shaidar na asali ne."

Shugaba ya juya rigar gaba da baya, ya ce shi ma ya taɓa jin haka. Mai Wanki ya zauna a kan duron da aka kife ya yi tagumi, domin sauran kayan ba na masu buɗe jirgi ba ne.

Kafinta kuwa guntun ya ɗauka yana auna nauyinsa a tafin hannu.

"Yaya, a ina aka tsamo wannan? A saman ruwa ko a ƙasa?"

"A ƙasa."

"To."

"To me? Ƙarami ne, bai da faɗin da ruwa zai tallafa. Kai ka taɓa ganin jirgin ruwa na gaske? Da ƙarfe ake yin sa. Ƙarfe da ƙirya wa ya fi nauyi?"

Jama'a suka gyaɗa kai. Wannan kam ba a musu.

"Jirgin ƙarfe yana da ciki," in ji Kafinta. "Iskar da ke cikin ce ke ɗauke da shi. Naka allo ne kawai."

"In ciki ake nema ai Shugaba zai hau."

Aka fashe da dariya, har da Shugaba, wanda bai gane da tumbinsa ake ba sai da yamma. A unguwarmu kuwa, wanda ya sa aka yi dariya shi ya ci gardama. Kafinta ya ajiye guntun, ya sake aika wa Maman Biyu saƙo.

Tun da ƙusa ta ƙi, zarto ya mutu, jiƙo bai yi ba, sai Injiniya ya ɗauko Mai Walda da injin hudarsa. Bakin injin na farko ya yi hayaƙi ya karye. Na biyu ya yi ja ya lanƙwashe. Mai Walda ya ce shi tun da yake huda ƙarfe bai taɓa ganin itace mai taurin kai irin wannan ba, sai a na huɗu aka fara samun rami, tsakar gida ta cika da ƙaurin ƙonannen katako. Kwana huɗu ana huda falankan marigayi, rami arba'in da takwas, aka ɗaure su da manyan noti.

"A ƙara masa ƙarfe a gefe da gefe," in ji Injiniya. "Da biyu a ƙasa, a gicciye."

"Ba zai yi nauyi ba?" in ji Mai Walda.

"Kai walda aka kira ka ko shawara? Ƙarfi muke nema. Rayukan mutane za mu ɗauka."

Aka ƙara. Injiniya ya sayo shuɗin fenti ya shafe jirgin tas, ya rubuta sunan ƙungiya da manyan baƙaƙe. Ƙirya itace ne mai maiƙo a jiki, ba ya shan fenti da daɗi, sai da yamma aka yi yayyafi. Da gari ya waye fentin ya ɗaye ya gangara, kajin gidan uku sun zama shuɗaye daga ƙirji zuwa ƙasa. Injiniya ya ce da ma shafin farko na share fage ne, kuma ainihin launin itacen ya fi kyau.

Ranar buɗewa ta zo, aka tashi fitar da jirgi. A nan aka gano cewa mai tef ɗin awo ya auna komai ban da ƙofar gidansa. Aka karkata jirgin, ya ƙi. Aka tsayar da shi a gefe, mutum takwas suka kusa barin yatsunsu a ƙasa. Injiniya ya dubi ƙofa, ya dubi gajeriyar katanga.

"Ta gidan Mai Wanki za mu bi. Ƙofarsa ta fi faɗi."

"Akwai katanga," in ji Mai Wanki a hankali.

"Ai da ma ta tsage."

Kafin ya gama cewa ba ta tsage ba, ta tsage. Aka fitar da jirgi ta kan igiyoyin shanya, aka ɗora shi a amalanke. Amalanken ya yi taku biyar, tayoyinsa biyu suka fashe tare, ya durƙusa. Daga nan ƙarti goma sha shida suka ɗauka a kafaɗa, suna sauke shi duk bayan gida uku. Injiniya na gaba da hular kwano, yana tafiya da baya yana ba da umarni, hannunsa bai taɓa katakon ba.

Bakin rafi ya cika maƙil. An yi ruwa kwana biyu a jere, rafin ya kawo, jajir yake gudu. An ja igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, an ɗaura kintinkiri tsakanin sanduna biyu. Shugaba ya iso cikin rigarsa mai dabbare-dabbare, yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa haka ake yi a waje. A can tsallake ma mutane sun taru da kayan kasuwa, suna jiran a zo a ɗauke su.

Injiniya ya hau kan jirgin da ke ajiye a gangaren gaɓa ya fara jawabi. Ya yi maganar gara, ya yi maganar rana, ya kai kan jikokin jikokinmu da za su hau wannan jirgi. Yana cikin nuna tsallake da hannu sai maganar ta maƙale. A sahun gaba, can ƙetare, wata mata na tsaye da jaka a ka. Ya san zanen, shi ya raka ta sayen sa. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kira shi ba. Katakon da ke ƙarƙashin ƙafarsa take kallo.

Matarsa ce, ta dawo. Ya dubi Kafinta, Kafinta ya dubi sama.

Amma Injiniya ba ya daɗewa a tsorace. Nan da nan lissafi ya zo masa. In ya ƙetara da jirgin nan a gaban jama'a, ya miƙa mata hannu ta zama mace ta farko da ta hau, ana tafi ana kiran sunan mijinta, wace mace ce za ta tsaya maganar rumfa? Dole dai a yi sauri kafin ta sami lokacin yin tunani.

Kafinta ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, don Allah ka saurare ni sau ɗaya. Akwai fankon duro shida a shagona. Ka ba ni sa'a biyu in ɗaure su a ƙasa, zai tashi. In an gama biki mu kwance, in toshe ramukan, in yi mata rumfarta. Ba wanda zai sani."

Gaskiya Injiniya ya ji maganar ta shige shi. Amma Mai Walda na kusa, kuma ya ga alamar ya ji. Ga kuma matarsa na kallo.

"Duro? In ɗaura wa ƙirya duro kamar mai koyon iyo? Matsa, yaro. Ranka ya daɗe, bismillah."

Shugaba ya yanka kintinkiri, aka kama hannunsa ya hau, ya tsaya a tsakiya ya riƙe igiya da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaga wa jama'a. Ƙarti goma sha shida suka sa kafaɗa suka tura.

Jirgin ya zame a kan laka, ya shiga ruwa a natse kamar farantin da aka sa a bahon wanke-wanke. Bai yi tangal-tangal ba, bai yi jinkiri ba. Gabansa ya shiga, tsakiyarsa ta bi, ya ci gaba da tafiya ƙasa kamar da ma can aka aike shi.

Ruwa ya kai musu idon sawu.

"Injiniya," in ji Shugaba, "takalmina."

"Zama yake nema, ranka ya daɗe. Kowane sabon jirgi sai ya gaisa da ruwa."

Ruwa ya kai gwiwa.

"Gaisuwar ba ta yi tsawo ba?"

"Yanzu zai taso. Jama'a ku lura, ko ƙara bai yi ba. Wani katakon da tuni ya tsage."

Ruwa ya kai ƙugu. Shugaba ya saki ɗaga hannu ya rungumi igiya da hannu biyu da ƙafa ɗaya, yana kiran sunayen 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Injiniya kuwa bai fasa ba. Ruwa na ƙirjinsa yana bayanin cewa nauyin ya taru a gefe guda ne, da Shugaba zai ɗan matsa hagu. Ruwa na wuyansa yana cewa a duba ingancin noti. Kalma ta ƙarshe da aka ji ita ce "ƙirya", daga nan sai hular kwano ta rage a sama, ta juya sau biyu ta bi ruwa. Cikin duk abin da aka kawo bakin rafi ran nan, ita kaɗai ta yi iyo.

Kafinta da Mai Walda suka faɗa suka jawo shi ta wuyan riga. Shugaba sai da mutum shida suka ciro shi daga igiya, yana fitowa ya sanar da cewa shi tun farko yana da shakka. Dariya ta ɓarke a gaɓa biyu, wasu har da zama a laka. Mai Wanki kaɗai bai yi dariya ba, ya tsaya ya harɗe hannu da fuskar wanda aka biya wa buƙata.

Injiniya ya amayar da ruwa, ya ɗaga kai ya duba tsallake. Maman Biyu ta daɗe tana kallon wurin da katakon ya shige. Ta sa bakin mayafi ta share ido, ta gyara jakarta a ka, ta juya ta kama hanyar gadar kwalta. Tafiyar sa'a guda ce, kuma bai taɓa jin sa'a mai tsawonta ba.

Aka zura igiya aka ɗaura wa jirgin, mutum talatin suka ja, ko gezau. Laka ta riƙe shi. Kafin a samo mota sai aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya yi ambaliya ya kwaso yashin duniya ya zuba a wurin. Da ruwan ya ja, masu nutso suka lalube gaɓar kaf, ba su taɓa ko noti ɗaya ba.

Ita kuwa da ta iso gida ta tsaya a bayan ɗaki, inda sawun falankai goma sha biyu ya rage a jikin bango. Injiniya na rakuɓe a gefe ya shirya jawabi mai kashi uku.

"Maman Biyu, abin da ya faru a kimiyyance..."

"Baban Biyu," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "mahaifina da hannunsa ya goge su ɗaya bayan ɗaya, yana ciwon da ya tafi da shi. Ya ce in yi inuwa da su."

Ta shige ɗaki. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi, domin faɗa yana da amsa. Wannan kam ya ji kunya har cikin ƙashinsa, ya haɗiye sauran kashi biyun.

Washegari da hantsi yana kwance a ɗakinsa yana jinyar mura, sai ya ji ana ɓamɓare wani abu a bisa kansa. Kwano ɗaya ya ɗaga, rana ta faɗo masa a fuska, ga kan Kafinta a ramin.

"Ina kwana, Yaya. Ɗan kauda kai, ƙusa na faɗowa."

"Me kake yi a kan ɗakina?"

"Rumfa. Ta ce kwano takwas da katakon rufi shida sun isa. Ba ƙirya ba ne, amma ya fi sauƙin aiki."

"Ta ce? Ni ba a tambaye ni ba?"

"Ta ce ta kalle ka jiya, ka gane."

Kafin la'asar rumfa ta tsaya a ƙofar gida, keke ya shiga, har mata biyu sun kawo ɗinki sun zauna a benci. Injiniya ya zauna a ɗakinsa da ya koma fili, yana gaya wa masu leƙowa cewa likitoci sun tabbatar barci a iska ya fi lafiya. Yana cikin bayani hadari ya haɗo. Ɗigon farko ya sauka a kan katifa. Ya ja ta kusurwa, ruwa ya bi shi kusurwa. Ɗakin Maman Biyu a kulle, makullin na ɗaure a bakin zaninta. Gidan Mai Wanki kuwa, ko da babu katanga, bai ga fuskar shiga ba.

Ya fito ya tsaya a bakin rumfa, rabin jikinsa a ruwa, ya yi gyaran murya. Keke na ta sukuwa, ba ta ɗago ba.

"An kafa ta da kyau," ya ce. "Sai dai da an ɗan ƙara mata gangare."

Ya sa ƙafa ɗaya ciki.

"Nan wurin sana'a ne," in ji ta. "Benci na masu ɗinki ne. Akwai ɗinki?"

Matan biyu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Injiniya ya dubi ruwa, ya dubi busasshen gefen benci. Ya zura yatsa a aljihun rigarsa a hankali, ya ja. Aljihun ya yage har ƙasa.

"Akwai," ya ce, ya nufi benci.

Maman Biyu ta tsayar da keke, ta dubi yagar da idon sana'a, ta miƙa hannu. Ya tuɓe rigar ya ba ta, ya rage daga shi sai singileti. Ta ninke ta ta sa a ƙarƙashin tarin kayan da ke jira, ta mayar da ƙafa kan keke.

"Akwai mutane a gabanka," ta ce. "Ka dawo jibi."